Muka Ce Tsargiya Ce

'Yata Hannatu ce ta matsa mini in rubuta wannan. Ta ce tunda duk wanda ya zo gaisuwa sai ya tambayi yadda abin ya faro, ni kuma kullum sai in tsaya a tsakiya in kasa ƙarasawa, gara in zuba shi a takarda sau ɗaya in huta. Ban huta ba, amma ga shi na rubuta. Idan wani ya karanta ya tashi ya nufi asibiti tun da sauran dama, to wahalarmu ba ta faɗi ƙasa banza ba.

Sunana Rifkatu, mijina Malam Ishaya. Mu duka malaman firamare ne, a ƙasar Zazzau muka yi aikinmu har muka yi ritaya. Ba mu cika shekara da ajiye alli ba ikilisiyarmu ta yi shela tana neman masu sa kai su je su buɗe makaranta a wani tsibiri cikin Tafkin Chadi, inda masunta suka taru da iyalansu, babu ko aji ɗaya. Matasa duk suka sunkuyar da kai. Muna dawowa daga sujada Malam ya ce mini, “Malama, zaman nan na ƙofar gida zai kashe ni. Ko mu je?” Haka muke kiran juna, shi Malam, ni Malama. Na ce masa in ya ɗauki jakarsa zai ga tawa a bayansa.

Daga Baga sai ka yi rabin yini a kwalekwale mai inji, kana ratsa doguwar ciyawar ruwa da ake kira kacalla, kafin ka isa. Mutanen can Hausawa ne da Barebari da Buduma da 'yan Jukunawa kaɗan. Yawancinsu Musulmi ne, kuma da farko sun ɗauka mun zo sauya wa 'ya'yansu addini. Malam ya je ya zauna da Bulama, wato mai unguwar tsibirin, da limaminsu. Suka yi magana ta dattawa: yara su yi karatun allo da asuba, ƙarfe takwas su zo mana, ranar Juma'a mu tashe su da wuri. Ranar Lahadi kuma mu yi sujadarmu a gindin bishiya da masuntan da suke Kirista, wanda ya zo bismilla, wanda bai zo ba babu gaba.

Da rumfar zana muka fara. Kullum Malam zai tashi ya buga wani tsohon ƙarfen taya da muka rataya a matsayin ƙararrawa, ni kuma ina tace ruwa da ƙyalle in tafasa. Shi ke koyar da lissafi, ni karatu da Turanci. Idan an tashi sai mata su yi layi a ƙofata, wannan ƙugiya ta soki ɗanta, wancan zazzaɓi, in wanke in ɗaure in ba da abin da nake da shi. Kuɗin makaranta kuwa da kifi banda ake biya. Har yau littattafaina warin kifi suke. Da yamma sauro ya kora mu cikin gidan sauro tun rana ba ta gama faɗuwa ba, mu yi ta musu a kan wane yaro ne ya fi kai. Shekara shida muka yi haka. Ban taɓa ganin Malam da farin ciki irin na shekarun nan ba.

Wata safiya a farkon shekara ta shida na je zubar da gwangwanin da Malam yake fitsari a ciki, na ga ruwan ja kamar zoɓo. Na kawo masa na nuna.

Ya leƙa ya yi dariya. “Tsargiya ce, Malama. Rabin yaran ajina suna da ita. Ni ma ina yaro na yi ta, lokacin muna wanka a rafi.”

Muka aika aka sayo ƙwayoyi a Baga. Ya sha, jinin ya ɗauke. Bayan wata guda ya dawo. Na ce mu je Maiduguri, ya ce a bari a yi hutu. Aka yi hutu, ya ce a bari a gama rufin ajin shida, tunda wannan ne karon farko da za mu fitar da yara su zauna jarrabawar shiga sakandare, su goma sha ɗaya. Aka gama rufi, ya kawo wani dalilin. Ina kallo yana huda sabon rami a bel ɗinsa da ƙusa, har sau biyu. Wata takwas muka yi a haka. Wannan laifin namu ne mu biyu, amma nawa ya fi, domin ni nake zubar da gwangwanin.

Da muka je Maiduguri a ƙarshe, likitan farko ya ce sanyi ne, ya rubuta allurai. Na biyu, wani dattijo, ya danna marar Malam, sannan ya tambaya ko muna da wani a waje. Muka ce autarmu Hannatu tana karatun digiri na uku a Amerika. Ya ce, “To ku je mata ziyara, kada ku jima kuna shiri.”

Ranar da za mu bar tsibirin Malam ya shiga ajin shida ya ce musu, “Littafin lissafi mun tsaya a shafi na arba'in. Kada wanda ya wuce ni. Kafin jarrabawa ina nan.”

A watan Satumba na shekarar casa'in da shida muka sauka a Greensboro. Hannatu tana haya a Glenwood, wani ƙaramin tsohon gidan katako kusa da jami'arsu, ɗaki ɗaya da falo. Ta bar mana gadon ta koma kan kujera. Da ta ga ubanta a filin jirgi ba ta gane shi ba sai da ya kira sunanta.

Makon farko bai tafi a kan magani ba, a kan takardu ya tafi. Ba mu da inshora, kuma a can kafin a tambaye ka inda ke maka ciwo sai an tambaye ka wa zai biya. Hannatu ta yi ta yawo daga wannan tebur zuwa wancan. Wata mata a ofishin taimakon marasa ƙarfi na asibitin ta zauna da mu ta cike takardun da hannunta, ta kawo wa Malam bargo da ta ga yana rawar sanyi. Allah ya saka mata. Amma duk da ƙoƙarinta sai da aka ba mu mako uku kafin mu ga likitan mafitsara. Mako uku, mutum yana fitsarin jini! Na ce wa Hannatu, ashe layin nasu ma layi ne, sai dai a gida kake tsayawa.

Motar Hannatu tsohuwa ce, yau ta tashi gobe ta ƙi. Ran da ta ƙi sai mu hau bas zuwa babbar tasha a tsakiyar gari, mu jira wata. Malam ba ya iya riƙe fitsari, don haka kafin mu fita sai na hana shi shan ruwa. Wata rana bas ɗin ta yi latti, abin ya kufce masa a tsaye, a gaban mutane. Na cire mayafina na ɗaura masa a ƙugu. Da muka zauna ya ce a hankali, “Da yaro ne ya yi haka a ajina, da na ce kada kowa ya yi dariya.”

A tashar nan ne wani mutum ya ji muna Hausa ya matso ya yi sallama. Alhaji Sani ne, mutumin zangon Kumasi, yana aiki a wani babban sito a titin Wendover. Ya tambayi inda za mu, ya dubi Malam sama da ƙasa, ya karɓi lambar gidan Hannatu. Daga ranar ba mu sake hawa bas zuwa asibiti ba. Ya sauya lokacin aikinsa saboda mu. Matarsa Hajiya Fati ta fara zuwa da koko da ƙosai kowace Asabar. Hausarsu ba ta raba mace da namiji, tana shigowa za ta ce mini, “Mama, ka ci abinci kuwa? Ka rame fa.” Ita kaɗai ke iya sa Malam dariya a lokacin.

A mako na huɗu aka zura masa wata siririyar na'ura mai ido ta mafitsara, aka gutsuro nama aka kai awo. A mako na shida likita ya kira mu. Saurayi ne, bai fi ɗanmu na fari ba. Ya tambayi Malam ko ya taɓa wanka a rafi ko tafki yana yaro, ko ya taɓa fitsarin jini tun a lokacin. Malam ya ce duk yaran garinsu sun yi, har ana cewa alamar zama namiji ce. Likita ya gyaɗa kai. Ya ce tsargiyar da ta daɗe a jiki ba a kashe ta ba takan ci mafitsara a hankali, shekara da shekaru, wani lokaci har ta zama ciwon daji. Ya ce na Malam ya riga ya fita daga mafitsara ya taɓa ƙashi. Sai ya tambaya, “Yaushe kuka fara ganin jinin?”

Malam ya ce, “Kwanan nan.”

Na ce, “Wata goma.”

Likita ya sunkuya ya rubuta. Da ma faɗa ya yi mini da ya fi mini sauƙi.

Ya ce aiki ba zai yi amfani ba yanzu. Akwai wani magani mai ƙarfi da ake sawa ta jijiya, kimo suke ce masa, yana iya ƙara masa watanni, yana iya ƙin karɓarsa. Ya ce mu je mu yi shawara.

Da muka dawo gida da la'asar Malam ya zauna a bakin gado ya cire hularsa. Ya ce, “Na ji abin da yaron nan ya ce, na kuma ji abin da bai ce ba. Ku sama mana jirgi tun ƙafata tana ɗaukata. In je in kai yaran nan jarrabawa, abin da Ubangiji ya yi daidai ne.”

Hannatu ta zube a gabansa ta riƙe gwiwoyinsa. “Baba, wa zai duba ka a can? Ko ƙarin ruwa babu. Ka ba ni wata uku kawai. Wata uku, Baba. In bai yi ba ni da kaina zan kai ka.”

Ya ɗora hannu a kanta, amma ni yake kallo. “Malama, ke me kika ce?”

Shekara arba'in da ɗaya muna tare, ban taɓa ja da shi a kan tafiya ba. Na san abin da yake so in ce. Amma wata takwas ɗin nan da na yi shiru suna zaune a ƙirjina, na ga kamar in na sake biye masa na kashe shi sau biyu. Na ce, “Mu tsaya, Malam. Mu gwada.”

Ya daɗe yana kallona. Ya ce, “To.” Ya mayar da hularsa.

Shawara kuwa ta zo daga ko'ina. Ƙanensa ya bugo daga Zariya ya ce akwai wani mai magani a ƙauye da ya warkar da irin wannan da saiwa, mu dawo. 'Ya'yanmu maza biyu a Kaduna, ɗaya ya ce a tsaya, ɗaya ya ce a dawo, har suka daina gaisawa. Wani fasto da ban taɓa gani ba ya aiko a ce Malam ya yi azumin kwana bakwai, mutumin da cokali uku na kunu ke gagararsa. Hajiya Fati ta kawo zuma da habbatussauda ta ce ko ba su warkar ba ba za su cutar ba. Matan cocin da Hannatu ke zuwa suka tsara kawo abinci bi da bi, tire-tire na taliya da cuku. Mun gode musu har zuciya, kuma su ne suka haɗa gudummawar da ta rage mana nauyin asibiti, amma Malam ko warin cukun ba ya so. Hannatu ce ta yi ta ci har ta gaji.

Aka fara kimo a watan Nuwamba. Za a zaunar da shi a wata babbar kujera, a rataya leda, ruwa yana ɗiga awa huɗu. Kwana biyu bayan nan sai amai. Bakinsa ya yi gyambo, ko ruwa ya sha sai hawaye. Gashin kansa ya zube a kan matashi, nakan kakkaɓe da sauri kafin ya juyo. Aka sa masa robar fitsari da leda a gefen ƙafa, na koyi juye ta da wanke wurin. Nas ɗin da ta koya mini baƙar fata ce mai jiki, tana kiransa Farfesa. Ya ce mata shi malamin firamare ne. Ta ce ai ku ne manya.

Abu ɗaya ya yi ta nema, miyar kuka da banda. Hajiya Fati ta buga waya har wani gari mai nisa, wata 'yar'uwarta ta aiko da kuka a kwalba da busasshen kifi. Na tuƙa tuwon semo na yi miyar yadda yake so. Ya kai loma ɗaya baki, ya tauna, ya ajiye. Ya ce, “Ba laifinki ba ne, Malama. Bakin ne ba nawa ba.”

Sanyi ya shigo, ganyen bishiyoyin unguwar duk suka zube. Malam ya sa aka matsa masa kujera kusa da taga. Ɗalibai suna wucewa a keke, jakunkuna a baya, yakan ɗaga musu hannu, wani ya amsa wani bai ma gani ba. Da safe kuma akwai wata doguwar mota ruwan ɗorawa da ke ɗaukar yaran makaranta a kwanar layin. Ko ya kwana yana amai sai ya ce in tashe shi ya gan ta. “Dubi,” in ji shi, “babu wanda littafinsa zai jiƙe.”

Takardun neman kuɗi daga asibiti suna ta zuwa a ambulan, Hannatu tana tura su ƙarƙashin kujerar da take kwana don kada ya gani. Ta ajiye bincikenta, ranar Asabar da Lahadi tana yi wa mata kitso a falo. Ban taɓa jin ta yi ƙorafi ba, sai dai takan daɗe a banɗaki famfo yana zuba.

Kirsimeti a asibiti ta same mu, jininsa ya yi ƙasa sai da aka ƙara masa leda biyu. A tsakiyar Janairu aka sake ɗaukar hoto. Likita ya shigo ya jawo kujera ya zauna, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce maganin bai yi ba, ciwon ya kai hanta. Ya ce daga yanzu abin da za su yi shi ne su sa shi ya zama “comfortable”. Shekara talatin ina koya wa yara wannan kalma, ina kwatanta musu da kujera mai laushi. Ban san ana sallamar mutum da ita ba.

Hannatu ta ce, “To zai iya hawa jirgi? Na yi masa alkawari.”

Likita ya girgiza kai. Ya ce ba zai kai ba.

Malam ya fi ni jin Turanci nesa ba kusa ba. Amma sai ya juyo ya tambaye ni da Hausa, “Me ya ce, Malama?”

Na ce, “Ya ce ba za ka iya tafiya ba.”

Ya ce, “Na ji.” Bai ƙara ba. Bai taɓa cewa da kun bar ni na tafi ba, ko sau ɗaya, ko da wasa. Wannan shirun nasa har yau shi ke hana ni sukuni.

Aka dawo da shi gida, aka kawo gadon asibiti aka kafa a falo, wata nas tana zuwa tana ba shi maganin kashe raɗaɗi. Kwana biyu da dawowarmu, da hantsi, ya ce in ɗauko takarda da fensir.

Na ce, “Wasiƙa za ka rubuta?”

“A'a. Zauna. Dubu ɗaya da ɗari huɗu da hamsin da shida, raba da goma sha uku.”

Na ɗauka maganin ne ya juya masa kai. Ya ce, “Lafiyata ƙalau. Ke ba ki iya doguwar rabawa yadda za ki koyar ba, kullum sai ki manta ki sauko da lamba. Saura wata biyu jarrabawa. Wa zai shiga ajin nan?”

Na ajiye fensirin na ce ba zan koya ba. Na ce ajinsa ne, ya tashi ya je ya koyar da abinsa. Na fita tsakar gida na tsaya cikin sanyi babu ko takalmi. Washegari ya sake cewa, na sake ƙi. A rana ta uku ya kasa ɗaga kansa daga matashi, muryarsa ta koma kamar ta mai raɗa. Ya ce, “Malama, sau ɗaya na roƙe ki abu kika hana ni, ban yi fushi ba. Kada ki hana ni na biyu.”

Na jawo kujera na ɗauki fensir.

Kwana goma sha biyu muka yi muna darasi, kullum da hantsi lokacin da ya fi samun ƙarfi. Rabawa, rabi da kwata, awon fili, lissafin riba da faɗuwa. Idan na yi kuskure sai ya ɗan ƙwanƙwasa ƙarfen gado da zobensa. Ya bi yaran ɗaya bayan ɗaya: wannan tana da kai amma tsoro gare ta, ki riƙa kiran ta allo; wancan gaggawa ce ke kayar da shi; wannan ubansa zai so ya cire shi lokacin kamun kifi, ki je wurin Bulama tun da wuri. Wata rana na ci duka goma, ya ce, “Da kin samu malami tun farko da kin yi nisa.” Na ce ai malamin ne ya tsaya neman aurena ya bar karatun. Ya yi murmushi. Wannan ne wasanmu na ƙarshe.

Daga nan ya daina magana, ya daina haɗiya. Ina jiƙa auduga ina goga masa a leɓe. Ranar wata Talata a farkon Fabrairu, wajen ƙarfe goma na safe, ina shafa masa mai a ƙafa, Hannatu tana riƙe da hannunsa tana addu'a, sai numfashin ya yi tsawo, ya sake yin tsawo, bai dawo ba. Hannatu ta ci gaba da addu'arta. Na bar ta sai da ta ce amin, sannan na faɗa mata.

Kai gawa gida ya fi ƙarfinmu, ko da an sayar da duk abin da muka mallaka. Yayyenta suka yi ta faɗa a waya, daga baya suka haƙura. A wata maƙabarta a bayan gari muka sa shi. Na zaci za a ba mu fatanya, ashe mota ce ta riga ta haƙa, an rufe tarin ƙasar da wani koren ƙyalle don kada a gani. Na ɗaga gefen ƙyallen, ƙasar ja ce wur, irin ta Zazzau. Na ɗebi cikin hannu na zuba masa. Alhaji Sani ya zo da mutanen zango su bakwai, suka tsaya a baya cikin sanyi har aka gama. Da zai tafi ya ce mini, “Mama, mutumin kirki ya tafi. Allah ya ba ka haƙuri.”

Bayan mako biyu na ce wa Hannatu ta sama mini jirgi. Ta ce in zauna da ita, wa nake da shi a tsibiri? Na ce ina da yara goma sha ɗaya. Ana gobe zan tafi muka je kabarin. Ta daɗe a tsaye, sannan ta ce, “Mama, ni na hana shi komawa.”

Na ce, “Ke roƙo kika yi, roƙon 'ya ga ubanta. Ni aka tambaya.”

Ta ce, “To ki yafe wa kanki, ni ma in samu in yafe wa kaina.”

Na ce mata zan gwada. Ina kan gwadawa.

Ga abin da nake so mai karatu ya riƙe. Jini a fitsari ba abin sabo ba ne, ko da duk garinku kowa yana yi. Yaro in ya yi tsargiya a ba shi magani har ta mutu, a kuma sake dubawa. Babba in ya ga jini, ya sha magani ya dawo, kada ya jira hutu ko girbi ko a gama rufi. Ku kuma mata masu zubar da gwangwani, ku buɗe baki ko za a ce kun cika naci. Na biyun kuwa ba ni da tabbas a kansa, amma zan faɗa: idan dattijo ya ji maganar likita da kunnensa ya ce a kai shi gida, ku saurare shi da kyau kafin ku amsa. Ban ce mun yi kuskure ba. Ban kuma iya cewa mun yi daidai ba.

Labari ya riga ni isa tsibirin. Da kwalekwale ya tsaya, mata suka shiga ruwa har gwiwa suka sauko da ni. Aka kai ni ɗakinmu, an share an yayyafa ruwa. Bayan la'asar Bulama ya zo da liman, suka zauna a tabarma a ƙofa suka yi mini ta'aziyya. Liman ya tashi, Bulama bai tashi ba. Tsoho ne ƙwarai, shekara shida suna zama da Malam kowace yamma a bakin ruwa suna gardama a kan komai.

Ya ce, “Malama, ya sha wuya?”

Na ce ya sha, amma a ƙarshe an rage masa.

“Wa ya wanke shi?”

Na ce ma'aikata ne, haka ake yi a can.

“Wa ya haƙa?”

Na ce mota.

Ya sunkuyar da kai yana wasa da bakin tabarma. Can ya nuna tudun da ke bayan ajin shida, inda ruwa bai taɓa kaiwa ba ko a shekarar da tafki ya fi cika. Ya ce tun ran da labarin ciwon ya zo suka zauna da dattawa suka ware wurin, suka hana kowa kafa rumfa a kai. Sun ce ko ba addini ɗaya ba, su za su haƙa da hannunsu.

“Da kin kawo mana shi, Malama,” in ji shi. “Ko da kwana ɗaya ne.”

Na ba likita amsa, na ba 'ya'yana, na ba dangin Malam. Bulama ne kaɗai ban samu abin ce masa ba. Muka ci gaba da zama, shi a tabarma ni a bakin ƙofa, har aka kira magariba ya ɗauki sandarsa ya tafi.